Sunan da Aka Bari a Numazu

Ranar da Shusuke ya fara ganin Chinatsu, bakinsa cike yake da giyar gidan su yarinyar, yana waige-waigen inda zai tofar.

Tun safe yake yawo a kwarin Katsunuma, daga wannan gidan matsar inabi zuwa wancan, yana nema wa gidan abincin babansa da ke birnin Numazu farar giyar da za ta dace da kifi. Ko'ina ya je sai ya kurɓa ya tofar a bokiti, yadda masu sana'ar suke yi. Gidan Ashizawa kuwa babu bokiti, a kofin shayi ma aka zuba masa.

"Haɗiye, ɗan birni," in ji Chinatsu, 'yar gidan da ta zuba masa. "Mu nan ba ma tofar da gumin Baba."

Ya haɗiye, ya ƙware, ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Daga ranar zuciyarsa ba ta sake zama tasa ba.

Wanda ya zo sayen giya sai ga shi duk hutu yana hanya. Ta zaga da shi gidajen abincin kwarin, suka ci taliya da miyar kabewa har ya haddace wadda ta fi. Da damina ya taya ta sa wa nonnan inabi hular takarda saboda ruwa, duk nasa a karkace.

"Ɗan birnina, hulunanka iska ta kwashe, amma kai kana nan daram a raina," ta rubuto masa.

"Chi tawa, bari in zo in sake ɓata wasu," ya mayar mata.

Da maganar aure ta taso, babanta, tsoho Ashizawa, bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ban ƙi ka ba. Amma ita kaɗai gare ni. Wanda zai aure ta, gidan nan zai shigo, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki namu. Kakana ya dasa inabin nan, ba zan mutu in bar shi da sunan wasu ba."

A ƙasar nan miji da mata suna ɗaya doka ta yarda su amsa. Shi kuma Shusuke shi kaɗai ne ɗan Terauchi, gidan da suka gaji yankan kifi kaka da kakanni. Sai ya zama dole gida ɗaya ya rufe.

Babansa yana fere kifi ya ji zancen, bai ko ɗago ba.

"Wato na haife ka, na koya maka riƙon wuƙa, don ka je ka zama ɗan wani? Ta zo nan mana. Ko mu namu sunan a bola muka tsinto shi?"

"Baba, ina son ta."

"To, ka dafa son ka ci."

Ana cikin haka Kohei ya kunno kai, ɗan maƙwabtan su Chinatsu, na uku a gidansu, ba shi da abin da zai rasa in ya sauya suna. Saƙonta ya shigo:

"Iyayen Kohei sun zo da gaisuwa. Baba ya karɓe su da fara'a. Ka ce wani abu, Shu."

Ya karanta ya ajiye, ya koma kan aikinsa. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin sallama. Da ta gaji da kuka ta sake rubutowa:

"In sunan ne, na bar musu gonar. Zan zama Terauchi. Ka zo ka ɗauke ni kawai."

Ya zo. Ya same ta a ƙarƙashin rumfar inabi tana yanke rassa, idanu sun kumbura, tana shafa kowace itaciya kamar mai ban kwana da 'yan'uwa. Nan ya gane in ya tumɓuke ta daga ƙasar nan, busasshen reshe zai kai Numazu. Ransa ya yi ɗaci ƙwarai, don ya san in ya ajiye sunan gidansu, kamar ya yanka babansa ne da hannunsa.

"Ajiye almakashin, Chi. Ni zan shigo gidanku."

"Babanka fa?"

"Kar ki tambaye ni wannan. Ba yau ba."

Bayan girbi aka yi bikin a gonar. Dangin amarya sun cika wurin, ana ci ana sha, tsoho Ashizawa baki har kunne, ya samu ɗa a sama ba tare da ya yi reno ba. Gefen ango kuwa kujerar uba a wofi, Shusuke ya kasa daina kallonta.

Sai da aka kusa tashi tsoho Terauchi ya shigo cikin baƙar kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya rame. Shusuke ya miƙe zumbur.

Tsohon ya fara tsayawa gaban amarya.

"'Yata, ba ki da laifi. Albarka ta bi ku, ku tsufa tare, ku ga jikoki."

Sannan ya juyo ga ɗansa, ya haɗa ƙafa, ya rusuna sosai, irin rusunawar da yake yi wa baƙon da ya ci ya tashi a gidan abincinsa, ya kira shi da sabon sunansa.

"Malam Ashizawa, ina taya ka murna. Ka riƙe gidanku da kyau."

Mutane suka yi ta tafi. Chinatsu ta damƙe hannun mijinta. Shi ma ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na gode, Baba," ya ce.