Numfashin Mai Zuba Kwal

A daminar 1974, zamanin da jiragen ƙasa na Kafanchan ke cin kwal suna busa har Kagoro ta ji, aka kawo Nicholas asibitin mishan yana numfashi sama-sama. Aikinsa zuba wa injin jirgi kwal, ruwan sama kuma ya yi masa duka a hanya. Hellen, 'yar Kwoi mai koyon aikin nas, ita ta tallafo kansa.

Da ya fara samun sauƙi ya ce, "Sista, me ya so kashe ni?"

"Ruwa."

"Ni da ko rafi ban shiga ba?"

Ta yi dariya. "Huhunka cike yake da 'yan jakunkuna, bangonsu bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ta nan iska ke ratsawa ta shiga jini. Da ciwo ya kama bangon, sai ruwa da gishirin jini suka tsiyayo cikin jakunkunan. A kan gado ka so nutsewa."

"To, yanzu me ke hana ni numfashi in kin shigo?"

"Tsiyarka," ta ce, ta kau da kai tana murmushi.

Bayan an sallame shi, wasiƙu suka fara zuwa da tabon baƙin yatsa. "Tauraruwata, na wuce Jagindi ban yi tari ba ko sau ɗaya. In kin ji busa uku, ni ne."

Ranar da ya je gaisuwa Kwoi, Baba Eli, mahaifin Hellen, ya ga Nicholas ya tofar da baƙin yawu. Gabansa ya faɗi, don tarin fuka ne ya ɗauke ƙanensa ya bar mace da marayu huɗu.

"Ba zan aurar da ke ki dawo gwauruwa ba. Ga Malam Leonard, tica, ƙirjinsa kamar ganga."

"Baba, ƙurar kwal ce. Huhunsa ya warke."

"Haka likita ya ce da ƙanena."

Ta yi kuka, bai tanƙwaru ba. Daga baya dai ya ce saurayin ya zo noman suruki a gonar citta, shi kaɗai.

Hellen ta tsaya gindin ɗorawa da tulun kunu. Nicholas ya san shebur, bai san garma ba. Tun hantsi yake fama, tsohon na biye da shi taku-taku, ko ƙasa ba ya kallo, kunne kawai ya kasa. Da rana ta take tsohon ya ce, "Ajiye garmar. Yi mini waƙar sujada, baiti uku."

Nicholas ya share gumi ya ɗauko waƙa. Muryar ba daɗi, amma ya kai ƙarshe numfashinsa bai tsinke ba.

Baba Eli ya ce, "Kunyoyinka kamar sawun maciji, muryarka kamar ta jaki. Amma ƙirjin nan zai riƙe mini 'ya." Ya juya yana goge ido da hularsa. "Hellen, kawo wa mijinki kunu."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren a majami'ar Kwoi, zumuntar mata na kaɗa tulu. Baba Eli ya ɗora musu hannu.

"Ubangiji ya bar ku tare har ku ga jikoki. Kai kuma, ɗana, ka riƙa sa rigar ruwa."