Sifikokin Ba Umara

Ranar da Rahmat ta fara shiga shagon Mikail a unguwar Shehuri ta Maiduguri, ƙamshin turarenta ya riga sallamarta isowa. 'Yan matan Yerwa ke nan, ko gari na ci da wuta ba za su fito ba turare ba. Mikail na tsugune a bayan wata doguwar sifika yana ɗaura waya. Ya ɗago ya ga lafaya ruwan zuma, ya miƙe da sauri har ya ƙume goshi da katako.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa, Hajiya. Me za a ba ki?"

"Ban je Makka ba tukuna," ta ce tana danne dariya. "Sifika nake so, irin dogayen nan masu tsayawa a ƙasa. Mahaifina zan saya wa."

Ta yi masa bayani. Mahaifinta, Ba Umara, ba abin da yake so kamar kiɗan ganga da algaita da kallon fim. Amma tun ranar da bom ya tashi da shi a kasuwa, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma saura kaɗan. Yanzu sai dai ya zauna gaban talabijin yana kallon bakunan mutane suna motsi.

"Ba ƙara nake nema ba, Malam. So nake magana ta fito fes, ya ji abin da ake cewa."

Mikail ya ce ya gane, amma hankalinsa na kan idanunta. Allah ya yi shi gwani, ya kuma yi shi mai son a san shi gwanin ne. A shekarun da mutane ke rufe shaguna suna gudu Kano da Abuja, shi ko sau ɗaya bai rufe nasa ba, yana cewa garin da ya daina jin kiɗa ya mutu, kuma Maiduguri ba ta mutu ba. A nan kam ba wanda zai ce bai yi gaskiya ba.

Zaɓen sifika ya zama abin da ba ya ƙarewa. Yau ta zo ta saurari wannan, gobe ta dawo wai ta manta yadda waccan take. Daga nan saƙonni suka karɓi aiki.

"Sarkin ƙara, yau ma ban yanke shawara ba. Sai na dawo gobe."

"Allah ya sa kada ki taɓa yankewa, Rahmatina. In kin fita daga shagon nan, ko duka sifikokin na kunna, shiru nake ji."

"Bakinka ya fi kayan shagonka zaƙi. Allah ya shirye ka."

A ƙarshe ta bar masa zaɓi, kuma nan gizo ya yi saƙar. Mikail ya ce a ransa, gidan surukai zai shiga karo na farko, ai ba zai je da ƙaramin kaya ba. Ya ɗauko manyan da suka fi kowanne a shagon, tsayinsu har ƙirjinsa, ya loda a keke bayan la'asar, sai Fezzan, unguwarsu Rahmat.

Ya gaida Ba Umara har ƙasa, ya jera sifikokin a falo, ya haɗa da amfilifaya. Da ya tashi gwaji, sai ya sa fim ɗin yaƙi ya ƙure murya. Fim ɗin yaƙi, a Maiduguri, a wannan lokaci! Wanda son burgewa ya kama, hankalinsa kan tafi kiwo.

Bom ya fashe a cikin fim, gilasan taga suka amsa. Kafin ka ce kwabo layin ya watse. Mai ƙosai ta bar kasko a kan wuta, yara suka shige ƙarƙashin gado, 'yan gora masu tsaron unguwa suka rugo suna tambayar inda abin ya tashi.

A tsakar gida Hajja Gumsu, mahaifiyar Rahmat, ta saki tiren shayi ta zube a ƙasa tana kiran suna ɗaya: "Nuraddeen! Nuraddeen!" Shi ne babban ɗanta namiji. Tare suka tafi kasuwa da mahaifinsa a waccan rana, uban ya dawo, shi bai dawo ba. Rahmat ba ta taɓa iya faɗa wa Mikail wannan ba.

Da Hajja ta dawo hayyacinta, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaro, kwashe kayanka. Wanda ya mai da ƙarar da ta ɗauke mini ɗa abin nishaɗi, ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba."

Rahmat ta daina amsa saƙo. Hajja kuwa ta buɗe babin yabon Hamid, ɗan ƙaninta mai aiki da ƙungiyar agaji, yaro mai natsuwa wanda ko motarsa ba ta ƙara. Wata rana Mikail ya hango Rahmat a gaban motar nan, ya koma shago ya zauna, abinci ya gagare shi.

Abin da ya yi bayan haka abin a yaba masa ne. Mutumin da bai saba sunkuyar da kai ba ya bi layin nan gida-gida yana ba da haƙuri, har mai ƙosai bai tsallake ba. Sannan ya rubuta wa Rahmat:

"Tun ranar farko kin faɗa mini abin da kike so, girman kai ya toshe mini kunne. In Hamid ne zaɓinki, Allah ya sanya alheri. Amma Baba bai ji maganar da na yi alƙawarin zai ji ba. Ki bar ni in aiko wasu, ni ba zan zo ba."

Sai washegari amsa ta zo.

"Hamid asibiti ya kai mu, jinin Hajja ne ya hau. Fushi nake da kai, kuma fushin bai hana ni kewarka ba. Aiko su."

Wannan karon ya yi zaɓe na gaskiya. Ya toshe kunnensa ɗaya da auduga, ya sassauta wata audugar a ɗayan, ya kunna labaran rediyo, ya bi sifikokin shagon ɗaya bayan ɗaya yana sauraro kamar shi ne Ba Umara. Waɗanda suka ci jarrabawa wasu sirara ne da ke ajiye a lungu, waɗanda da can yake jin kunyar nuna wa baƙi. Ba sa girgiza ƙasa, amma ko numfashin mai karanta labarai suna fitarwa.

Da mai keke ya sauke su, Hajja ta tsaya a ƙofar falo ta ɗaure fuska. Ba Umara, wanda ya daɗe da rage magana, ya ce, "Gumsu, bar su su shigo." Ta matsa, amma ta ce rimot a hannunta zai zauna.

Mikail na shago, Rahmat na falo, waya ta zama hannunsa.

"Rahmatina, ki janye su daga bango kamar kamu biyu. Ki juya fuskarsu su kalli kujerar Baba, ɗan ƙaramin idon nan na sama ya yi daidai da kunnensa mai ji. Bas ɗin, wato rugugin nan mai girgiza ƙasa, ki rage shi sosai. Kada ki fara da ƙarfi, ki bi a hankali kamar yadda kika shiga zuciyata."

"Ana maganar aiki kana zuba. Na yi. Sai me?"

"Sai ki tambayi Hajja abin da take so a sa."

Hajja ta shiga ɗaki ta fito da wani faifai a naɗe cikin ɗankwali. Bidiyon bikin babbar 'yarta Halima ne, wanda aka ɗauka kafin gari ya rikice. Ita kaɗai take kallonsa in gida ya yi shiru.

Algaita ta fara tashi, siririya, tsaf. Ba Umara ya gyara zama. Can sai ga Nuraddeen ya shigo hoto cikin farar shadda yana dariya, ya juyo yana cewa, "Baba, gyara hularka mana, ana ɗauka!"

Hannun Ba Umara ya tashi da kansa ya gyara hular da ke kansa.

Tsohon ya dubi matarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Gumsu, na ji shi. Wallahi na ji yarona. Mayar da shi baya."

Ta mayar, ta sake mayarwa, har aka kira magariba. Da safe ta ce da Rahmat, "Kira mini yaron nan."

Mikail ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ido.

"Shigo, ɗana," in ji Hajja. "Ka tuna mini ranar da na rasa shi, na ji zafinka har cikin ƙashina. Yanzu kuma ka dawo wa ubansa da muryarsa. Na yafe maka duniya da lahira. Je ka turo manyanka."

Rahmat na bayan labule, tana kuka tana dariya, ta tura masa saƙo: "Sarkin ƙara, yau ina bakin?"

An yi biki da rana tsaka saboda dokar hana fita. Makaɗa suka zo da manyan ganguna, Fezzan da Shehuri suka haɗu, aka yi rawa kamar garin bai taɓa sanin tsoro ba. Haka mutanen Yerwa suke, a rufe musu dare su yi shagalinsu da rana. Hamid ma ya zo, shi ya ja motar amarya.

Kafin a fita da ita, Ba Umara ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na Mikail.

"Na rasa ɗa a kasuwa, yau Allah ya ba ni wani a cikin gidana. Ku riƙe juna amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya zaunar mana da garinmu lafiya."

Jama'a suka amsa da amin har ƙofar gida. Hajja Gumsu ta share ido da bakin lafayarta, ta rangaɗa guɗar da rabonta da yi tun bikin Halima.