Ƙwayar Ciwon Baya

A kasuwar Badaguishiri suka fara ganin juna, ni kuwa ina gefe da faifan daddawata, komai a kan idona. Tanimun, mai lambun albasa a fadama, ya zo teburin Malam Rabo mai sayar da magani, wai bayansa na ciwo. Rumaisa, ɗiyar Rabo, ita ta ɓare masa ƙwaya biyu. Ya haɗiye, ya tsaya yana kallonta har uban ya yi gyaran murya.

Rabo mutum ne mai tsanani. Ba mai tsayuwa a teburinsa sai mai saye, kuma saurayi in ya saya, a gabansa zai sha, don ya tabbata ba zance ya kawo shi ba. Shi ke nan, bayan Tanimun bai ƙara warkewa ba. Ranar kasuwa ciwo, ranar da ba kasuwa ya bi su ƙofar gida inda suke kafa teburin, nan ma ciwo. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, yana haɗiya.

Har lambar wayarta ya samu. Ta nan na riƙa jin sauran, don Rumaisa ba ta iya ɓoye mini komai, har saƙonninsu take nuna mini.

"Lokotorona, yau ma bayan ya tashi. Ki ajiye mini kujera."

"Majinyacina, ka rage shan nan. Kallo ma ai magani ne, ka tsaya daga nesa."

"Daga nesa ba na jin muryarki."

Sai fuskarsa ta fara cika. Mu matan kasuwa muka ce soyayya ta karɓe shi, yaro ya yi ƙiba. Ashe kumburi ne. Ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi, fitsari ya ragu, ɗan abin da ke fita sai kumfa. A likitar Illela, wato asibitin can, aka auna shi, aka ce su wuce Tawa. Uwarsa Ummul-Khairi ta kai shi a motar Maikuɗi, direban da shi ma ya daɗe yana zawarcin teburin Rabo ba a kula shi ba.

A can asibitin, lokotoro mai duba shi ya zaunar da su. Ya ce ƙoda biyu ne kowa ke da su, can baya ƙarƙashin haƙarƙari, siffarsu kamar wake, aikinsu tace jini dare da rana, su tura datti da ruwan da ya yi yawa zuwa mafitsara. Na Tanimun duka biyun sun gaji. Ya ce akwai hawan jinin da ba a san da shi ba, ga ranar lambu da ƙarancin shan ruwa. Sannan ya tambaya ko yana yawan shan ƙwayar ciwo. Tanimun ya sunkuyar da kai. Abin da ya rage, in ji lokotoro, wankin ƙoda ne: a haɗa shi da na'ura ta tace masa jinin, kuma ba sau ɗaya ba ne, sai dai su koma Yamai da zama.

Tanimun ya dawo gida ya kashe waya. Rumaisa ta rame a tsaye, tana zaton wata ya samu. Maikuɗi ne ya kai mata labarin, don duk kukan Ummul-Khairi a hanya ya shiga kunnensa. Ya faɗa mata har da ƙari, cewa uwar ta rantse hannun da ya kashe wa ɗanta ƙoda ba zai girka masa abinci ba. Ya ce shi kuwa ga shi lafiyarsa ƙalau. Ta dube shi ta ce Allah ya ƙara masa, ta shige gida.

Rabo ma ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai jinya.

Rumaisa ta aika wa Tanimun saƙo, ya kwana biyu bai shiga ba: "Majinyacina, an ce mutum na rayuwa da ƙoda ɗaya. Ina da biyu. Ka ɗauki ɗaya, ko ka ɗauke ni duka."

Da ya buɗe wayar ya amsa: "Dashe ba a nan ake yi ba, kuma ko ana yi ba zan bari a yanka ki ba. Kina jin nauyi ne, Rumaisa. Ba na son auren tausayi."

Ranar da ta karanta wannan, ta yafa mayafi da la'asar ta nufi gidansu. Ni ma sai na tuna akwai daddawar da zan kai can.

Yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, idonsa ya kusa rufewa don kumburi. Ummul-Khairi ko gaisuwar ba ta amsa ba. Rumaisa ta durƙusa ta ce ita ta ba shi ƙwayar da hannunta, ba ta musu, a yi mata duk hukuncin da aka ga dama. Tanimun ya yunƙura ya zauna.

"Inna, bayana sau ɗaya ya yi ciwo, ranar farko. Sauran duk ƙarya na yi don in gan ta. Ta hana ni, na ƙi ji."

Uwar ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba. Rumaisa kuwa ta juya gare shi.

"Kai ka sha abin da ba ka buƙata don ka tsaya kusa da ni, ba wanda ya ce tausayi ne. Ni na zo in tsaya kusa da kai, sai ka sa masa suna?"

Ya rufe fuska da hannu.

Maganar ta isa kunnen Rabo kafin magariba. Kada ku tambaye ni ta wace hanya. Ya yi wuni biyu bai kafa tebur ba, yana tuna yadda yake tsare yaron sai ya haɗiye. A rana ta uku ya je da ƙafarsa wurin kawun Tanimun, ya ce a zo a ɗaura.

An ɗaura auren ba kiɗa, ango a kan kujera. Lambun an bar wa ƙaninsa. Washegari da safe muka raka su tashar motar Yamai, su uku, da uwar za a tafi. Tun ranar rumfa Ummul-Khairi ba ta yi wa amaryar magana ba. Sai da aka fara loda kaya ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan ƙaramin kofin da lokotoro ya ce da shi za a riƙa auna masa ruwa. Tun dawowarsu daga Tawa ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Ta sa shi a tafin Rumaisa ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ɗiyata, iyakarsa ke nan. Miya ba gishiri. Zai roƙe ki ƙari, ya iya roƙo, ni ma yana karya mini zuciya. Kada ki ba shi."

"Ba zan ba shi ba, Inna."

Tanimun ya leƙo ta taga ya ce yanzu kuma su biyu za su haɗe masa kai. Aka yi dariya kaɗan, aka share ido, mota ta tashi.

Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ta ƙarfin hana shi, ya sa albarka a zamansu, ya dawo mana da su Badaguishiri da ƙafafunsu.