Rigar Gudu Ta Takarda

Kwano uku Mama Dao take jerawa kowace safiya, alhali su biyu suka rage a gidan. Ɗaya nata, ɗaya na autanta Khiem, na ukun kuwa sai ta kai shi gaban hoton babban ɗanta Thach, ta kunna turaren tsinke, ta tsaya har tururin miyar ya daina tashi.

Ran nan ma haka ta yi. Yayyafin sanyi yana ta zuba a kan rufin kwano, siriri, mai naci, irin na Hanoi da ba ya jiƙa mutum sai ya shiga ƙashinsa.

"Jiya ma na gan shi," ta ce, ba ta juyo ba. "A mafarki. Yana tsaye a bakin tafki yana rawar ɗari. Sanyi yake ji, Khiem! Ɗana sanyi yake ji!"

Khiem ya ajiye tsinken cin abincinsa. Thach mai gudu ne, kullum asuba sai ya zagaye tafkin Tay kafin gari ya farka. A sanyin bara, cikin hazo, wata babbar mota ta buge shi. Direban ya yi ta rantsuwa bai gan shi ba. Tun daga ranar gidan ya zama kamar ganga da aka fasa, ana dukanta ba ta amsawa.

"Jibi yake cika shekara," Mama ta ci gaba. "Ka je layin masu takarda ka sayo masa kayan sanyi na takarda, mu ƙona su isa gare shi. Kwat mai kauri. Baƙa, irin ta manya."

"To, Mama." Ya ture kwanonsa gefe. "Lua ta turo saƙo, wai ko za ki yarda ta zo ranar, ta kunna masa turare—"

"Kada ka sake ambata min sunan yarinyar nan!"

"Mama—"

"Gudu ya cinye min ɗa guda, yanzu kuma mace mai gudu za ka kawo min cikin gida? Mace a titi tun asuba kamar wadda kare ya biyo! So kake in ƙara jera wani hoton a teburin nan? Muddin ina numfashi ba za ta zama surukata ba!"

Khiem ya miƙe. Ya ɗauki hular kwanonsa ya fita.

Lua tela ce, kuma tana cikin waɗanda suke gudu tare da Thach. A wurin jana'iza Khiem ya fara ganinta. Bayan kowa ya watse ya koma harkarsa, ita ce kaɗai take biyowa ta garejin da yake gyaran babura, ta ajiye masa shayi mai zafi, ta zauna a kan tsohuwar taya ta ba shi labarin yayansa. Ba ta taɓa ce masa ya daina kuka ba. Abin da ya sa ya so ta ke nan. Amma tun da Mama ta ja layi, ya daina ɗaga wayarta. Makonni ke nan yana kwance a ƙarƙashin baburan mutane, yana sauraron ruwa, ba mai kawo shayi.

A layin masu takarda komai akwai: gidajen bene, wayoyi, dawakai, duk na takarda, suna lilo a iska. Wata tsohuwa mai baƙaƙen haƙora ta yafito shi.

"Zo, jikana. Me mamacin naka yake so? Akwai babur, akwai firji, har fanka."

"Kaka, ko akwai kayan gudu?"

"Gudu? Wa ke bin sa a can?" Ta ƙyalƙyale da dariya. Da ta dubi fuskarsa sai ta haɗiye sauran. "Babu, ɗan nan. Mutanen da nake yi wa ɗinki sun gama gudu."

Ya sayi baƙar kwat ɗin kamar yadda aka umarce shi, ya naɗe ta a leda. Maimakon gida, sai ya ga babur ɗinsa ya kai shi bakin tafki. Ya zauna a kan benci. Ruwan ya yi toka-toka, sama ta yi toka-toka, har ba a sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A nan yayansa yake ɗaure igiyar takalmi. Bencin bai manta ba, shi ma bai manta ba.

"Malam bakanike! Wayar taka ce ta lalace, ko kai ne ka lalace?"

Lua ce, tana haki, gumi da yayyafi a goshinta. Ya kasa dubanta.

"Mene ne a ledar?" Ta buɗe, ta ɗago kwat ɗin. "Wannan fa? Yaya Thach ofis zai je?"

Dariya ta ƙwace wa Khiem, ita ce ta farko a shekarar nan, kuma kafin ta ƙare ta koma kuka. Lua ta zauna nesa kaɗan, ta bari ya gama.

"Mai gudu ba ya sa kaya mai kauri," ta ce a hankali. "In ya yi zufa rigar ta jiƙe, sai ta koma ƙanƙara a jikinsa. Siraran riguna ake sawa, wata kan wata, sannan jaket marar nauyi mai tare iska. Hannu da kunne su ne sanyi yake fara kamawa. Shi kuwa kullum sai ya manta safar hannu, ya cusa yatsu a hammata kamar kaza. Kuma baƙa—" Ta mayar da kwat ɗin cikin leda.

Ya gaya mata abin da Mama ta ce, bai rage komai ba. Ya ga idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ba ni take ƙi ba, Khiem. Titi take ƙi. Ba zan shiga gidan da ba a kira ni ba, kuma ba zan raba ka da mahaifiyarka ba, kai kaɗai ka rage mata." Ta miƙe. "Amma sanyin Yaya Thach, wannan kam ka bar min."

Ranar cika shekara dangi suka zo, aka ci dafaffiyar kaza da shinkafa mai danƙo, aka watse. Da la'asar Khiem ya fito da kaskon ƙarfe na ƙona kayan ƙofar gida, Mama na biye da baƙar kwat. Sai ga Lua a tsallaken lungu, cikin yayyafi, ta rungume wani kwali ta lulluɓe shi da rigar ruwanta, ita kuwa ta jiƙe sharkaf. Ba ta tako dakalin ba. Ta miƙa wa Khiem, ta rusuna, ta juya.

"Mene ne wannan?" Mama ta daka tsawa. "Me ta kawo min?"

Ta fizge kwalin ta buɗe, da niyyar watsar da shi. Hannunta ya tsaya.

Kayan gudu ne, na takarda, an yanka an manne kamar ɗinkin gaske. Siririyar riga ta ciki. Dogon wando. Maɗaurin kunne. Safar hannu 'yar ƙarama, yatsu biyar-biyar, ba a manta ko ɗaya ba. A ƙasa kuma jaket ruwan ɗorawa, an manna mata zirin takarda mai ƙyalli a baya da hannuwa.

"Ke!" Mama ta kira. Lua ta tsaya. "Wannan ƙyallin fa? Ado kika yi wa mamaci? Biki za shi?"

"A'a, Goggo." Lua ta juyo. "Don direba ya gan shi daga nesa."

Lungun ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Mama Dao ta sulale ta zauna a kan dakali. Kukan da ta shekara tana dannewa ya ɓalle.

"Ni na saya masa baƙar rigar! Ni! Ya ce min, Mama, baƙa ba ta gudun asuba ba ce. Na ce ai ta fi kauri, na yi fushi, na ce ya raina kyautata. Ya sa ta don ya faranta min. Da ita ya fita ranar da mota ta buge shi—da ita ya fita, Khiem!"

Khiem ya daskare. Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan ita kaɗai, suna cin abinci a tabarma ɗaya bai sani ba.

Lua ta manta da dakali. Ta tako, ta durƙusa, ta kama hannuwan tsohuwar.

"Sanyi kika tsare masa, Goggo. Uwa sanyi take gani, ba ta ganin mota. Ranar da ya fara sa ta mun yi masa tsiya, ya ce, ku yi dariyarku, ku wa ya saya muku?"

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, yana ta wani ɗaga kafaɗa."

Su uku suka ƙona kayan, ɗaya bayan ɗaya. Mama da kanta ta sa safar hannun, tana cewa, "Ka sa fa, kada ka manta." Da jaket ta kama, zirin ya yi walƙiya sau ɗaya cikin wutar, hayaƙin ya miƙe sama. Khiem ya ɗauko baƙar kwat.

Mama ta share ido. "Wannan in ka sa ta a wuta, ka ce ta marigayi babanku ce. Shi ne mai son ofis." Ta dubi Lua sama da ƙasa. "Ke kuma kina tsaye a jiƙe kamar kyanwa. Shigo ki sha miya."

Bayan 'yan kwanaki Mama ta tasa Khiem gaba zuwa shagon kayan wasanni, don a saya wa Lua kaya. Ya nufi wajen takalma, ta make masa hannu.

"Kai wawan ina ne? Wanda ya ba masoyiyarsa takalmi ai hanyar tafiya ya ba ta! Ajiye!"

Ta yi ta ɗaga riguna, tana murza su tsakanin yatsu. Wannan auduga ce, za ta riƙe zufa. Wannan ta yi nauyi. Wannan ta yi duhu. Da ta sami wata ruwan lemo mai ziri a baya, sai ta sa mai shagon ya kashe fitila, ta sa Khiem ya koma can ƙarshen shago ya haska da wayarsa. Zirin ya ɗau haske kamar wata a ruwa.

"Ita ce," ta ce. "Ƙaro safar hannu."

Washegari da asuba, Lua ta iso bakin tafki ta tarar da tsohuwa a kan bencin nan, ta ƙudundune cikin mayafi, da butar shayin citta a gefenta, Khiem na tsaye a baya.

"Sa wannan," Mama ta ce. "Ba zan hana ki gudu ba. Amma in gan ki daga nesa, 'yata."

Lua ta sa, ta ruga cikin hazo. Jikinta ya ɓace, zirin bai ɓace ba. Mama ta bi shi da ido har ya zagayo.

Da bazara aka yi bikin Khiem da Lua. Yanzu kwano huɗu ake jerawa a gidan, uku a tabarma, ɗaya gaban hoto. Har yau akwai safiyar da Khiem yake jin kamar ana ɗaure igiyar takalmi a ɗakin da ba kowa. Wannan ba ya warkewa, sai dai a sami wanda za a ji shi tare.

Da Lua ta rama zagi, da ta rasa Khiem, Mama kuma da ta mutu da nauyinta a ƙirji. Sau da yawa wanda ya fi tsananta maka, ciwo ne yake ɓoyewa. Mai haƙuri ba ya fasa ƙofar da aka rufe masa, yakan tsaya a bakinta da alheri a hannu har a buɗe daga ciki.