Takardar Hansai

A shekarar da sojoji suka koma bariki, awaki da kekuna ɓarayin Wudil suka fi ƙwarewa a kai. Shi ya sa Sufeto Bitrus ya ɗago kai da Sista Laraba ta ƙaramin asibiti ta ce takarda guda aka sace mata.

"Takardar me?"

"Ta rahoto, yallaɓai. Mun yi wa maniyyata Hajji allurar rigakafin shawara. Cikin dubun dubata da ƙyar take yi wa mutum ɗaya illa. To, wata tsohuwa, Hansai daga Achika, ta dawo rana ta biyar da zazzaɓi, ido ya yi rawaya. Na cike takardar da zan aika Kano, har da lambar kwalbar. Aka kira ni ɗakin haihuwa. Kafin in fito, ba takarda ba tsohuwa."

"Ba za ki iya cike wata ba?"

"Na riga na cike. Tsohuwar nake ji. In ba a kwantar da ita yau ba, ba na jin za ta kai jibi."

A asibitin, Maikano maigadi ya rantse ko ƙuda bai wuce ta gabansa ba. Da Sufeto ya tsare shi da ido, sai ya tuna ashe ya ga wani dattijo ya goya mace a keke, tana rungume da sabuwar jakar maniyyata.

A Achika, Malam Isyaku mijin Hansai ya fito zaure da ƙwarya a hannu. Yana hango kaki ya tura ta bayan ƙyaure. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da gona.

"Ina mai ɗakinka, Malam?"

"Ta tafi Ɗankaza sallamar dangi."

Bitrus ya jawo ƙwaryar. Jiƙon saiwar rawaya ne, maganin ciwon shawara, da ɗuminsa.

"To wa ke shawara a gidan nan?"

Daga ciki aka ji nishi. Dattijo ya cire hula ya zaro takardar, an ninke ta gida huɗu.

"Ni na ɗauka," in ji shi. "Na ji an ce in ta isa Kano za a cire sunanta daga jirgi. Shekara talatin, ranka ya daɗe, duk alhajin da ya dawo sai ta je ta zauna a ba ta labarin Ka'aba. Ta roƙe ni, in ma mutuwar ce, in bar ta ta mutu a can."

Tausayi ya kama Bitrus. Ba addininsu ɗaya ba, amma ya san yadda bege ke cin mutum. Bai fito da ankwa ba.

"Malam, za ka bi ni ofis. Ita kuma asibiti."

Mata suka fito da Hansai a tabarma, ta ƙi sakin jakarta. Aka kwantar da ita a bayan motar 'yan sanda, mijin a gefenta. Da injin ya tashi ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam, filin jirgin za mu?"

Isyaku ya dubi Sufeto. Sufeto ya kau da kai.

"Can za mu, Hansai," in ji shi. "Riƙe jakarki da kyau."