Sabon Rufi, Tsohon Yoyo

Ranar da maƙwabta suka yi wa Davron gayya, kafin magariba sun gama ɗora wa garejin bayan gida sabon rufi. Nan zai zama falon iyali. Aka ci shinkafa da naman rago, aka sha shayi, kowa ya watse.

A garinsu Rishton auta ke gadon gida, shi ke riƙe iyaye. Davron, da yake shi ne auta, ya riƙe mahaifinsa, amma a garejin nan. Tsohon ya rasu yana jan katifa daga lungu zuwa lungu saboda yoyo, kullum in ya yi maganar gyaran rufi amsar ɗansa ɗaya ce: "Sati mai zuwa, Baba."

Bayan isha'i Davron ya tsallaka tsakar gida don ya kulle ƙofar garejin. Sama fes, ko gajimare babu. Amma daga ciki sai ya ji ɗis… ɗis… ruwa na faɗawa cikin daro. Warin danshi ya danne ƙamshin sabon katako.

A lungu wani mutum na tsugune, ya ba shi baya, rigar sanyinsa sharkaf. Davron ya ɗauka cikin 'yan gayya ne.

"Bawan Allah, ba ku tafi ba? Ku taso ku sha shayi mana."

Mutumin bai juyo ba. Ya ɗan matsar da daron da ƙafa, daidai inda katifar take a da, ya ɗaga kai yana duban rufin.

"Aiki ya yi kyau, autana," in ji shi. "Ashe yini ɗaya ya isa."