Uban Ɗa Zinariya Ke Nema, Ba Miji Ba

"Sharaɗina guda ne," in ji muryar da ke fitowa daga wayar. "Ba haihuwa."

Zinariya ta ajiye kofin shayin a hankali, don kada ta yi jifa da shi.

Wayar tana kan tebur, tsakaninta da Hajiya Dalal, mai haɗa aure a unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda.

"Me ka ce, ya shaikh?"

"Ba ciki, ba goyo. 'Ya'yana sun ishe ni. In zo ranar Alhamis, in tafi ranar Juma'a, halas, shi ke nan."

"To Allah Ya haɗa ka da mai jiran Alhamis."

Ta miƙa yatsa ta kashe wayar.

Hajiya Dalal ta dafe ƙirji. "Ya bint! Kin san wa kika kashe wa waya? Shagunan taya gare shi a Khumra!"

"Ko tayar jirgin sama yake sayarwa, Hajiya. Ni ɗa nake so."

"Ke wace irin mace ce? Duk wanda ya zo neman misyar, gudun ɗawainiya ya kawo shi!"

Nan kam Hajiya ta faɗi gaskiya. Shi auren misyar, ga wadda ba ta sani ba, aure ne da sadakinsa da shaidunsa, amma mace ta yafe ci da sha da kwana, kowa yana gidansa. Maza na son sa don su sha romo ba su ɗauki tukunya ba. Ita kuwa Zinariya, abin da suke gudu shi take bi da fitila.

Ta yafa abayarta ta fito, ba ta waiwaya ba.

To, bari ku ji wace ce ita. Haifaffiyar unguwar Nuzla ce a nan Jidda, kakarta ta zo aikin hajji daga Zariya ba ta koma ba. Lalle da dilka take wa amare, hannunta kuwa sai wanda ya gani. Ta ba talatin da biyar baya, kuma tun tasowarta zuciyarta ba ta taɓa buga wa namiji ba. Mutum ɗaya ta buga wa: Wafa', telar abaya, mai dariya kamar ana zuba ruwa a randa. Shekaru suka yi unguwa na ce musu aminai. A garin da irin wannan magana kan kai mutum gidan kaso ko jirgin kora, sun iya bakinsu.

Maganar haihuwa ce ta raba su.

Zinariya ta bincika ta ko'ina. Asibiti kan taimaki mace ta sami ciki ba tare da kwanciya ba, amma sai da takardar aure. A wasu ƙasashen ana karɓar iri daga wanda ba a sani ba, sai dai yaron da ba shi da sunan uba a Jidda, ina iƙama, wato takardar zama, ina makaranta? Kuma ba ta haifi ɗan da za a nuna da baki ba.

"Sai dai in yi misyar," ta ce wa Wafa' bara.

"Ranar da namiji ya shigo ta ƙofa, ni ta taga zan fita."

"Habibti, suna kawai zai ba mu..."

"Haka suke cewa! Ni ban ishe ki ba?"

"Kin ishe ni. Amma bayana yana son goyo, Wafa'. Ya zan yi da shi?"

Wafa' ta kwashe zarenta da almakashinta ta tafi. Ko sallah ba ta kira ba.

Zinariya ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta share ido ta shiga nema ita kaɗai.

Ita kuwa Hajiya Dalal, haushin mai taya bai sake ta ba. A wani biki a Nuzla, ana tsakiyar rabon shinkafa, ta saki magana.

"Mace ta ce ɗa take so, miji kuwa a kai kasuwa... ni dai ban ce komai ba. Amma mai hankali ya tambayi dalili."

Kafin a wanke tire, magana ta zaga unguwa. Amare biyu suka fasa lalle. Kawu Rilwanu, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta, ya aika a kira ta.

"Zinariya, me nake ji? Kina yawon ƙofar masu haɗa aure kamar marar dangi?"

"Kawu, halak nake nema."

"Halak da baƙon da ba mu san asalinsa ba? Wallahi ba da bakina ba! Ki kawo ɗan mutunci wanda na san ubansa, ko ki haƙura."

"Ba zan haƙura ba, Kawu. Zan kawo shi."

Ta faɗa ne kawai. A ina za ta samo shi, ita ma ba ta sani ba.

Wata la'asar tana tsakar gida tana tankaɗen lalle, aka turo ƙofa ba sallama.

Ko ba ta ɗago ba ta san takun.

"Kin rame," in ji Wafa'.

"Ke ma ba ki yi ƙiba ba."

"Dalal kika kai wa sirrinki? Dalal! Wadda ko tari kika yi sai an ji a Makka?"

"Wa zan kai wa? Wadda zan kai wa ta fita ta taga."

Wafa' ta matso kusa. Sai ta durƙusa ta riƙo hannun nan mai garin lalle, ba ta damu da abayarta ba.

"Na ji abin da ake faɗa a kanki, na kasa ko zura zare a allura. Na ɗauka in na tafi za ki fasa..."

"Kin san ni da fasawa?"

"Na san ki da taurin kai kamar jakin Kano." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Tsoro na ji, ya galbi, zuciyata. Na ce wani zai zo ya ba ki abin da ba zan iya ba ki ba, ki manta da ni."

"Wafa'..."

"Tsaya in gama. In dai sai an yi, to kada jinin baƙo ya shigo tsakaninmu. Na yi magana da Yaya Abdulghaffar."

Rariya ta suɓuce daga hannun Zinariya.

Abdulghaffar yayan Wafa' ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota tsakanin Jidda da Jizan. Ya taɓa aure, matar ta gaji da mijin da rabinsa na kan hanya, suka rabu lafiya ba ɗa.

Suka haɗu a shagon Wafa', tsakanin tulin baƙin yadi. Zinariya ba ta yi kwana-kwana ba.

"Yaya, ba ni da zuciyar da zan ba ka. Ba girki, ba kwana. Asibiti ne zai haɗa mu, ba ɗaki ba. In na ɓoye maka na ci amanarka."

Ya daɗe yana murza makullin motarsa.

"Wafa' a bayana ta girma," ya ce. "Ban tambaye ta komai ba, ke ma ba zan tambaye ki ba. Tsakaninku da Allah. Abin da na gani, shekarar nan ba ta ci ta ƙoshi ba." Ya ɗago. "Ni ma shekaru na tafiya, ba mai ce min Baba. Amma ina da sharaɗi."

Zinariya ta gyara zama. Ta sha sharaɗin maza har ya ginshe ta.

"Faɗi."

"Ni ba kwalbar asibiti ba ne. Yaro zai san ni. In na sauka daga hanya zan zo in ɗauke shi, ranar idi ni zan riƙe hannunsa."

"In ya yi wayo kuma ka ce naka ne, ka raba ni da shi?"

"In sa shi ina? A bayan tirela?"

"Ba wasa nake ba, Yaya. Ka faɗa a gaban Kawu, da shaidu."

"Tayyib. A gaban Kawu, da Alƙur'ani a hannu."

Wafa' ta buga teburin ɗinki. "Yalla, ku tashi kafin ɗayanku ya ƙaro wani sharaɗin!"

Kawu Rilwanu ya so ya yi gardama, amma da mahaifin Abdulghaffar suka yi dakon kayan alhazai suna samari. Ya yi gunaguni, ya ja gemu, ya ɗaura.

Kada ku ɗauka daga nan sai guɗa. Gwajin farko a asibiti bai kama ba. Na biyu ya kama ya zube, Zinariya ta kwanta kamar ba za ta tashi ba. Wafa' ce ke dama mata kunu, tana gasa mata jiki.

"Mu bari haka, habibti. Jikinki..."

"A'a." Ta tashi zaune tana dafa bango. "Kira Yaya ki ji yaushe zai sauka."

Na uku ya zauna.

Ranar suna gidan ya cika maƙil. Abdulghaffar ya yanka rago, ya raɗa wa 'yarsa Najwa, ya fita wajen maza bakinsa har kunne. Hajiya Dalal ma ta zo, don irinta ba ta barin buki ya wuce ta. Ta leƙa ɗaki ta ga Wafa' zaune a gefen gadon mai jego, da akwatin kayanta a kusurwa.

"Au, har kin tare ke nan?" ta ce, tana kallon mata ɗaya bayan ɗaya. "Wannan aminta taku dai..."



Matar Kawu ce ta tanka, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kwanon da take zubawa. "Ke Dalal, uban yarinya na kan hanya kullum. In gwaggonta ba ta zauna ba, ke za ki zauna? Miƙo min ludayi."

Mata suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta buɗe zanen jaririyar ta ƙura mata ido.

"Kai! Wannan ai ba ta ɗauko uwa ba, ba ta ɗauko uba ba. Gwaggonta ce sak, har hancin!"

Zinariya ta karɓi 'yarta, ta dubi ƙaramar fuskar, ta dubi babbar. Sannan ta ɗora ta a cinyar Wafa' a gaban kowa.

"Riƙe ta da kyau, Gwaggo," ta ce a hankali. "Taki ce."